Kwanon Awo Ɗaya: Abin da Na Gani a Wani Shagon Hatsi a Sabon Gari

Tun farkon shekarar 2023 nake yin awon gidana a wani ƙaramin shagon hatsi da ke gefen Sabon Gari, ta wajen titin da ya nufi filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, kuma abokan aikina a makaranta sun sha tambayata dalilin da ya sa nake wuce manyan kasuwanni in tafi inda farashi bai fi na kowa sauƙi ba. Mai shagon dattijuwa ce da mijinta ya rasu, Bahaushiya Kirista daga kudancin jihar Kano, wadda duk mutanen layin suke kira Mama, ni ma haka zan kira ta a nan tun da ba ta nemi in tallata sunanta ba. Tana sayar da gero, dawa, masara, wake, waken suya, gyaɗa, tsamiya da shinkafa 'yar Hausa. Shagon ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano a gaba, da benci guda, da buhuna jere a kan katako don kada danshi ya taɓa su.

Na fara zuwa wurin ne a lokacin ƙarancin takardun kuɗi, bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, mutane suna kwana a layin banki, masu kuɗi a asusu suna rasa na cefane. Ranar na auni gero da wake na tura mata kuɗin ta waya, wayar ta nuna mini bai tafi ba, na sake turawa, da ƙyar na biyun ya shiga, na ɗauki kayana na tafi. Ban sake bi ta kan maganar ba, domin a waɗannan makonni saƙon banki yakan yi kwanaki bai iso ba. Bayan kwana goma sha biyu na koma sayen masara, ina tsayawa a bakin rumfa ta ɗaga kai ta dube ni, ta jawo wani littafin rubutu na 'yan makaranta daga ƙarƙashin benci, ta buɗe shafin da ta naɗe gefensa, ta ce, "Malam, ashe kuɗinka sau biyu ya shigo ranar nan. Ba ni da lambarka, shi ya sa na rubuta na ajiye. In mayar maka, ko in auna maka hatsi a madadinsa?" A shafin ta rubuta ranar, da adadin kuɗin, da abin da za ta gane ni da shi, wato malamin makaranta mai jan babur. Ban san na yi asarar kuɗin ba, ita ma ta san ban sani ba, kuma a lokacin da kowa yake kukan rashi ne.

Abin da ya riƙe ni a shagon bayan wannan shi ne kwanon awonta. Duk mai awo a Kano ya san cewa farashin da aka faɗa maka rabin ciniki ne, sauran rabin yana cikin kwanon. Akwai mai buge gindin kwano ya lotsa ciki yadda ido ba zai gani ba sai an kifa shi, akwai mai kwano biyu, babba na saye a hannun manomi da ƙarami na sayar wa mai cefane, akwai kuma mai saurin hannu wanda kafin ka ƙifta ido ya zubar da tozon hatsin ya juye maka saura a buhu. Mama kwano ɗaya take da shi, da shi take karɓa idan 'yan ƙauye sun kawo mata kaya, da shi take auna wa mai saye, kuma a rataye yake a ƙusa a bakin ƙofa inda kowa zai iya ɗauka ya juya ya duba gindinsa. Tana awo a hankali, ta cika, ta girgiza ya zauna, ta ƙara har ya yi tozo, ta jira hatsin ya gama gangarowa da kansa kafin ta juye. Na gwada a gida fiye da sau ɗaya da kwanon maiɗakina, wanda ta zo da shi tun kayan aure, ban taɓa samun giɓi ba, alhali awon da na taɓa yi a wasu wurare a kan kwano goma yakan dawo tara da 'yan kai.

A bangon shagon akwai wani kwali da hayaƙi da ƙura suka dusashe rubutunsa, an rubuta Karin Magana 11:1 daga Littafi Mai Tsarki, ayar da ke cewa ma'aunin zamba abin ƙyama ne ga Ubangiji, ma'auni na gaskiya kuwa shi yake faranta masa rai. Na ga ayoyi a bangon shaguna da yawa a Sabon Gari, kuma ban ɗauki rubutun bango a matsayin shaida ba, domin wani yakan rataya aya a sama yana tauye mudu a ƙasa. Abin da ya sa nake ambatar nata shi ne na auna na ga ya yi daidai da abin da ke cikin buhuna. Mai karanta Littafi Mai Tsarki da idon ɗan kasuwa zai lura cewa maganar awo ba ƙaramar magana ba ce a cikinsa. Maimaitawar Shari'a 25:13 zuwa 15 ta hana mutum ajiye ma'auni iri biyu a jakarsa ko mudu iri biyu a gidansa, babba da ƙarami, wanda shi ne ainihin dabarar kwano biyu da muka sani a kasuwanninmu. Annabi Amos a sura 8 ya kwatanta 'yan kasuwar da suke ƙosawa Asabar ta wuce don su buɗe hatsi su rage mudu, su ƙara kuɗi, su sayar har da ƙaiƙayi. Maƙwabcinta mai sayar da man gyaɗa, wanda Musulmi ne, ya taɓa ce mini su ma Suratul Muɗaffifina da azabar masu tauye awo ta fara, saboda haka a wannan layi babu wanda zai ce addininsa bai gaya masa ba.

Sai maganar ingancin kaya, musamman wake, wanda shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a kasuwa. Wake ba ya jimrin ajiya, ƙwari suna huda shi cikin 'yan watanni, shi ya sa wasu suke zuba masa maganin ƙwari mai ƙarfi irin na feshin gona, har hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan haka. Mama tana ajiye nata a buhun PICS, mai ninki uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda idan an ɗaure bakinsa sosai iska ba ta shiga, ƙwarin sai su mutu da kansu ba tare da an zuba komai ba. Buhun ya fi na gama-gari tsada, kuma ba ta ɓoye cewa kuɗinsa yana cikin farashin waken. Idan wake ya ɗan taɓu, tana ware shi a wani daro daban, ta gaya maka na bara ne, ta rage kuɗinsa, masu ƙosai da alale sukan saya da saninsu. Ban taɓa samun buhun da samansa sabo ne ƙasansa tsoho ba.

Wannan tsabta ba daga sama take faɗowa ba, aiki ne mai cin jiki. Duk wanda ya je da sassafe zai same ta a kan tabarma da faifai da rariya, ita da jikarta, suna bakace gero, suna tsince tsakuwa daga shinkafa, ƙura ta yi fari a ɗankwalinta. Ita da kanta take zuwa Dawanau, babbar kasuwar hatsi da ke kan hanyar Katsina, ta sa hannu cikin buhu har gwiwar hannu ta ɗebo na ƙasa ta duba kafin ta sallama kuɗi. Na taɓa tarar da ana sauke mata kaya daga a-kori-kura, kafin ɗan dako ya gama goge gumi ta ƙirga masa kuɗinsa a hannu, ko da yake akwai mutane uku suna jiran awo. Da na ce ai zai iya jira ta gama da masu saye, sai ta ce, "A'a ɗana, hakkin ma'aikaci ba ya kwana a hannuna, balle in sa shi tsayuwa." Maganar Littafin Firistoci 19:13 ce, ta faɗe ta kamar yadda ake faɗin farashin tsamiya, ta ci gaba da awonta.

Inda na fi zuba mata ido shi ne lokacin da tsadar rayuwa ta kai maƙura. Bayan jawabin Shugaba Bola Tinubu na ranar 29 ga Mayu, 2023 cewa tallafin man fetur ya ƙare, litar mai ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, darajar naira ta faɗi, kuɗin ɗauko buhu daga ƙauye ya ninka. Zuwa farkon 2024 buhun shinkafa mai kilo 50 ya haura naira 70,000, gidajen da a da suke zuba wa kifi ko kaji afafata, wato gutsattsarin shinkafa da ake warewa wajen gyara, suka koma dafa ta, mata masu yin gurasa suka fito zanga-zanga a cikin birni saboda tsadar fulawa, kuma a watan Fabrairu hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. A tsakiyar shekarar hauhawar farashin abinci a ƙasar ta wuce kashi 40 cikin 100. A irin wannan lokaci, mai hatsi a ɗaki yana iya garƙame ƙofa ya yi barci, kuɗi suna ƙaruwa masa kowace safiya.

Mama tana da masara da gero da ta saya tun kaka, kuma a gabana wani dillali ya ba ta shawara ta rufe su zuwa damina. Ba ta rufe ba. Amma ba zan yi mata ƙarin gishiri ba, ba ta sayar a farashin kaka ba, ta ɗaga farashi kamar kowa, har wata rana na yi mata ƙorafi cewa ai wannan masarar da araha ta saye ta. Ta ajiye kwano ta ce, "Malam, in na sayar maka a kuɗin jiya, gobe da me zan saro? In jarin ya karye, ku ma kun rasa wurin awo." Na yi shiru domin gaskiya ta faɗa. Abin da ta ƙi yi shi ne ɓoyewa, da ƙara kuɗi fiye da abin da zai sake sayo mata buhu da 'yar riba a kai. Ta kuma sa ƙa'ida cewa ba za ta sayar wa mutum ɗaya fiye da kwano goma na abu guda ba, don kada mai kuɗi ya kwashe ya bar masu sayen kwano ɗaya ko rabi. Karin Magana 11:26 ta ce jama'a sukan la'anci mai ɓoye hatsi, albarka kuwa tana kan wanda ya fito da shi ya sayar. Ayar ba ta ce ya raba kyauta ba, cewa ta yi ya sayar, kuma Yusufu ma a Farawa 41, wanda ya tara hatsin shekara bakwai a Masar, da yunwa ta zo buɗe rumbuna ya yi ya sayar wa mutane. Tsakanin adanawa da ɓoyewa akwai tazara, kuma a wannan shago na ga inda iyakar take.

Littafin nan na ƙarƙashin benci yana da wasu shafuka na bashi. Tana ba da awo bashi ga waɗanda ta sani, yawancinsu mata masu marayu da ma'aikatan da albashinsu ya makara, kuma ban taɓa jin ta ambaci bashin wani a gaban mutane ba, sai dai ta ja mutum gefe su yi magana ƙasa-ƙasa. Ta gaya mini an cinye mata kuɗi ba sau ɗaya ba, shi ya sa yanzu ba ta ƙara sabo sai an rage tsoho. Wasu suna ganin wannan tsauri ne ga mace mai zuwa sujada, ni kuwa ina ganin shi ya sa shagon yake buɗe har yau.

Labarin yadda aka fara shagon ban ji shi daga bakinta gaba ɗaya ba, a hankali na tsinto shi, wani daga gare ta, wani daga maƙwabta. Rumfar mijinta tana cikin dubban shagunan da suka ƙone a gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016, a ƙarshen makon Ista, kuma bai daɗe ba bayan haka ya kwanta ciwon da ya zama ajalinsa. Da kuɗin adashin Zumuntar Mata ta cocinsu ta kama wannan ɗaki, wani Alhaji a Dawanau da ya yi shekaru yana hulɗa da marigayin ya ba ta buhu biyu na gero ba tare da ta ajiye ko kwabo ba, ya ce mijinta bai taɓa saɓa masa alkawari ba. Sau ɗaya kawai na tambaye ta yadda ta iya tashi bayan wannan duka. Ta ce a watannin farko ba ta iya addu'a mai tsawo, abin da take maimaitawa kawai shi ne ƙarshen littafin Habakuk, inda annabin ya ce ko da ɓaure bai yi toho ba, gonaki ba su ba da abinci ba, garke ya ƙare, duk da haka zai yi farin ciki da Ubangiji. Ta ce, "Ban ji farin cikin ba a lokacin, Malam, amma da safe nakan tashi in share gaban shago." Bayan dokar hana fita da aka sa a Kano a farkon Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, tana cikin waɗanda suka fara buɗewa a layin, kuma farashin da ta rufe da shi ta buɗe da shi, ko da yake mutane sun fito a matse, da ta ƙara ma za su saya.

Shagon yana da nasa naƙasu, kuma mai niyyar zuwa ya kamata ya san su. Farashinta yakan ɗara na kasuwa kaɗan, kuma ba a tayi, abin da ta faɗa shi ke nan, wanda ya saba da ja-in-ja har a kai ga "albarka" da "na sallama" zai ga kamar an tauye masa daɗin ciniki. Ba ta da sauri ko kaɗan, idan ka tarar da mutum huɗu a gabanka ka shirya zama a benci na rabin sa'a. Ba ta buɗewa ranar Lahadi, tana kuma rufewa da wuri ranar da mata suke taronsu a coci, kuma babu wata sanarwa a ƙofa, sai ka zo ka tarar da kwaɗo. Ba ta da na'urar POS, sai tsabar kuɗi ko turawa ta waya, ba ta kai kaya gida, babu wurin ajiye mota, da damina kuma ruwa yakan kwanta a gaban rumfar har sai an jera bulo ana takawa. Jarinta ƙarami ne, saboda haka wani lokaci ka zo neman farin wake ka tarar ya ƙare sai mako mai zuwa. Sau ɗaya na sayi geron da yashi ya yi masa yawa, kunun gidanmu ya yi ƙasa-ƙasa a baki, da na mayar ba ta yi musu ba, ta tauna 'yan ƙwayoyi ta ce laifinta ne, ranar ba ta da lafiya aka zuba ba a rairaye ba, ta canza mini, ta sauke sauran buhun daga layin sayarwa.

Akwai shawara ɗaya da na ba ta wadda har yanzu ba ta karɓa ba, wato ta sayi sikeli ta ajiye kusa da kwanon. Mu da muka san ta mun yarda da kwanonta, amma baƙon da ya zo yau ba shi da abin da zai gwada da shi, kuma masu gidajen abinci da makarantun kwana yanzu da kilo suke lissafi. Tana cewa manoman da suke kawo mata kaya da kwano suka saba, in ta saya da kwano ta sayar da kilo za ta ji kamar ta koma mai ma'auni biyu. Na fahimci abin da take gudu, ko da yake ina ganin sikelin zai ƙara mata masu saye ne, ba zai rage mata komai ba. Haka nan duk lissafin shagon yana cikin littafi ɗaya da ruwa ko ɓera zai iya lalatawa a dare guda, kuma jikar tata da ke sakandare za ta iya kwafe shi a waya.

Wanda yake neman buhu ashirin ya wuce Dawanau, wanda yake neman shinkafar waje da kayan gwangwani ya nufi kasuwar Singa, wannan shago ba nasu ba ne. Na magidanci ne mai awon wata ko na mako, wanda yake so ya san cewa kwano goma da ya biya goma ne za su isa gida, kuma waken da 'ya'yansa za su ci ba a zuba masa guba ba. Ya je da safe kafin ƙarfe goma, ya riƙe buhunsa domin ledarta ba ta da ƙwari. Zuwana na ƙarshe na tarar jikar ce a kan awo, Mama tana zaune a benci tana kallon hannunta, yarinyar ta cika kwano ta yi saurin juyewa, sai Mama ta ce ta mayar ta sake, ta jira tozon ya tsaya tukuna. Na bar mata kuɗin kwano goma na sabon gero, ta rubuta a littafin, ta ce in dawo ranar Talata bayan ta dawo daga Dawanau.